TSAKANIN KIFIN ANNABI YUNUSA DA KWALBAR MAN AYU

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya shimfiɗa tudu Ya zurfafa teku, Yake ciyar da abin da ke cikinsu ba tare da taskarSa ta ragu ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan'uwa maza da mata, rubutun yau yana da ɗan tsawo. A daure a kai ƙarshensa kafin a yi sharhi, domin farkonsa ilimi ne, ƙarshensa kuma hukunci ne, kuma ba za a gane hukuncin ba sai an bi ta kan ilimin.

Akwai wata haja da ta cika wayoyin matanmu, wato man ayu. Ana tallarsa a WhatsApp da TikTok da Facebook, dillalai suna yawo da shi gida-gida, tun daga cikin birnin Daura har Zango da Baure da Sandamu da Mai'adua. 'Yar kwalba ce da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, amma alƙawarin da ake ɗora mata ya fi ƙarfin raƙumi: wai miji ba zai ƙara kallon wata ba, wai kishiya sai dai ta zama 'yar kallo. Tambayoyi a kansa sun yi yawa a akwatin saƙona, kuma na lura da yawa daga masu saye da masu sayarwa ba su san mene ne ayun ba. Wasu sun ɗauka kifi ne, wasu aljana, wasu kuma suna ce masa 'yar ruwa. Shi ya sa na ga ya dace mu fara sanin dabbar da makamantanta, sannan mu yi maganar kwalbar.

1. DABBOBIN RUWAN DA SUKE SHAYAR DA NONO

Mu mutanen tudu ne. Tsakanin Daura da teku akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000. Babban ruwan da yawancinmu muka sani shi ne dam ɗin Daberam ko na Sabke, babban kifin da muke jin labari kuma shi ne giwan ruwan Argungu. Don haka Hausa ba ta tanadi suna ga manyan dabbobin teku ba. Larabawa suna ce wa babbansu hut, Turawa su ce wel. Ƙaraminsu kuma, mai dogon baki da son wasa, Larabci da Turanci sun yi kusan haɗuwa a kan sunansa, dolfin.

Abu na farko da za a sani, siffar kifi gare su amma jikinsu na dabbar tudu ne. Kifi yana shaƙar iskar da ke narke a cikin ruwa, yawancinsa kuma ƙwai yake yi. Su kuwa huhu gare su irin namu, dole su taso saman ruwa su shaƙi iska ta hancin da Allah Ya mayar musu tsakar ka. Jininsu mai ɗumi ne. Suna ɗaukar ciki, su haihu, su shayar. Kifi yana kaɗa wutsiya dama da hagu, su sama da ƙasa suke kaɗawa. In aka feɗe fiffikensu na gaba, za a tarar da ƙasusuwan dantse da na yatsu a jere kamar hannu a cikin safa.

Ɗauki shuɗin wel, wanda shi ne dabba mafi girma da aka sani a duniya. Tsawonsa yana kai mita 30, nauyinsa yana haura tan 150. Uwar tana ɗaukar ciki wata 10 zuwa 12, ta haifi ɗa ɗaya mai tsawon kimanin mita 7. Nononta kauri gare shi kamar man shanu, kitsen da ke cikinsa yana kai kashi 35 zuwa 50 cikin 100, don kada ya narke a ruwa kafin ɗan ya haɗiye. Jaririn yana ƙara kimanin kilo 90 a kowace rana. Ka auna, nauyin ƙaton rago biyu kullum, ba gona ba rumbu ba kasuwa. Wanda Ya ɗauki nauyin wannan jaririn, shi ne za ka kwana kana zargin zai manta da tuwon gidanka?

Ɗan dolfin kuwa yawanci da wutsiya yake fitowa, kai ne ƙarshe, don kada ya shaƙi ruwa tun haihuwa ba ta kammala ba. Yana fitowa uwar take tura shi sama ya ja numfashin farko. Kuma tunda numfashinsu sai da niyya, in suka yi barci mai nauyi irin namu nutsewa za su yi, sai Allah Ya sa rabin ƙwaƙwalwarsu ke barci, ɗaya rabin yana gadi, ido ɗaya a rufe ɗaya a buɗe. Kowane dolfin yana da fito nasa na kansa da 'yan'uwansa ke gane shi da shi, kamar suna. Wani bincike da aka fitar a 2013 ya nuna dolfin yana gane fiton abokin da suka rabu fiye da shekara 20. Malam Damiri, wanda ya rasu a shekara ta 808 bayan hijira, ya ambaci dolfin a littafinsa Hayatul Hayawan a matsayin dabbar da ke ceton wanda ruwa zai ci. Ka ga malamanmu ba su ɗauki wannan fanni a matsayin ɓata lokaci ba.

A 2018 duniya ta zuba ido a kan wata uwar orka, wani babban nau'in dolfin mai baƙi da fari, a tekun da ke tsakanin Amurka da Kanada. Ɗanta ya mutu jim kaɗan da haihuwa, sai ta ɗauki gawarsa a kanta tana yawo da ita kwana 17, tafiyar kimanin kilomita 1,600. Su waɗannan orka, macensu tana daina haihuwa wajen shekara 40, amma takan rayu shekaru masu yawa bayan haka, kuma ita ke jan garke zuwa inda abinci yake in an shiga shekarar yunwa. Masu bincike sun gano jikokin da kakarsu ta mutu sun fi saurin mutuwa a kan masu kaka a raye. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Allah Ya ba mu labari a Suratul An'am cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummai ne kamar yadda muke al'umma. Ga shi ana gani da ido: suna da uwa, suna da kaka, suna da suna, suna da makoki.

2. ABIN DA ƘWAYOYIN HALITTA SUKA NUNA

A cikin kowace ƙwayar halitta akwai rubutun gado da ake kira DNA, wanda ɗa ke karɓa daga uwa da uba. Da masana suka kwatanta wannan rubutu tsakanin dabbobi, sai suka tarar cewa a duk abin da ke raye yau, babu mai kusanci da wel da dolfin kamar dorina. E, dorinar nan ta Yauri da Dadin Kowa da Kiri, wadda ake yanka fatarta a yi bulalar da ɗaliban allo da yawa ba za su manta da ita ba. Wel ya fi kusa da dorina da saniya da raƙumi a kan kusancinsa da tarwaɗa. A 2019 wasu masana a Jamus suka lissafa ƙwayoyin gado 85 da suke aiki a jikin dabbobin tudu amma a kashe suke a jikin wel da dolfin, har da ɗaya mai taimakawa wajen fitar da yawu. Wanda abincinsa yake jiƙe a ruwa, me zai yi da yawu?

Akwai kuma wani wel na tekun ƙanƙara a arewacin duniya da ke rayuwa fiye da shekara 200. A 2007 mafarautan Alaska suka kama ɗaya, suka tarar da guntun mashin da aka ƙera tun ƙarshen ƙarni na 19 a cikin jikinsa. An karance rubutun gadonsa a 2015, likitoci suna neman gane yadda jiki mai girma haka yake daɗewa ba tare da cutar daji ta cinye shi ba.

Ɗalibai sukan tambaya, to Malam, wannan ba ita ce maganar juyin halitta ba? Ga yadda nake raba mas'alar. Akwai abin da aka auna, shi ne kamannin rubutun gado da na ƙashi, wannan ba ma musun sa. Akwai kuma fassarar da masana ke ba shi, cewa dorina da wel sun rabu daga kaka ɗaya fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce. Mu abin da muka ƙudurce shi ne Allah ne Ya halicci komai da nufi da hikima, babu abin da ya yi kansa, kuma Annabi Adamu (AS) daga turɓaya aka halicce shi ba uwa ba uba, wannan nassi ne ƙarara. Amma dalla-dallar hanyar da Allah Ya bi Ya fitar da nau'o'in dabbobi, fili ne na bincike, kuma Suratul Ankabut ta umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda aka fara halitta. Kada mu ɗora wa Alƙur'ani abin da bai faɗa ba, kada kuma mu saki abin da ya faɗa.

3. KIFIN ANNABI YUNUSA DA KIFIN ABU UBAIDA

Ƙissar Annabi Yunusa (AS) ta zo a Suratus Saffat da Anbiya'i da Ƙalam. Ya bar mutanensa na Nainawa, daura da garin Mausil na Iraƙi a yau, cikin fushi. Ya shiga jirgin da ya yi lodi, aka yi ƙuri'a ta faɗa kansa, aka jefa shi ruwa, kifi ya haɗiye shi. A cikin duhun nan ya kaɗaita Allah, ya tsarkake Shi, ya amsa laifinsa, sai Allah Ya sa kifin ya amayar da shi a gaɓa, Ya tsirar masa da inuwar duma, Ya mayar da shi ga mutane 100,000 ko fiye, suka yi imani.

Alƙur'ani bai faɗi nau'in kifin ba, don haka mu ma mu kame. A watan Yunin 2021 wani mai nutso a gaɓar Amurka ya faɗa bakin wel na kimanin daƙiƙa 30 kafin ya tofar da shi, sai wasu suka riƙa yaɗawa wai kimiyya ta tabbatar da ƙissar Yunusa. A'a 'yan'uwa. Mu'ujiza ba ta jiran shaidar ɗan jarida. Da ma don ta saɓa wa al'ada ne ta zama mu'ujiza. Darasin da ke ciki shi ne, bawa ya shiga ƙuncin da babu wata dabara, abin da ya fitar da shi tauhidi ne da tasbihi da amsa laifi. Bai nemi laya ba, bai nemi turare ba.

Ƙissa ta biyu tana cikin Bukhari da Muslim daga Jabir (RA). Manzon Allah (SAW) ya tura rundunar mutum 300 bakin teku ƙarƙashin Abu Ubaida ɗan Jarrah (RA). Guzuri ya ƙare har ta kai ana ba mutum dabino ɗaya a wuni, daga baya suka koma cin ganyen itace. Sai teku ta jefo musu wata matacciyar dabba kamar tudu, ana ce mata anbar. Suka ci namanta rabin wata, a wata riwayar wata guda, suka shafa kitsenta har jikinsu ya murmure. Abu Ubaida ya kafa haƙarƙarinta, mutum mafi tsawo ya wuce ta ƙarƙashi a kan raƙumi. Da suka koma Madina, Annabi (SAW) ya shaida musu arziki ne Allah Ya fitar musu, har ya ci daga ragowar naman.

Daga wannan nau'in ne ake samun turaren anbar, wani dunƙule da ke taruwa a hanjinsa. A 2021 wasu masunta 35 a gaɓar Adan ta Yaman suka ja gawar irinsa, suka tarar da anbar kilo 127 a cikinta, aka saya dala miliyan ɗaya da rabi, suka raba, suka taimaki mabuƙatan garinsu.

Da wannan hadisi da makamantansa malaman Malikiyya suka kafa hujja cewa dabbar ruwa halal ce ko da mushe ce. An tambayi Imamu Malik game da abin da ake kira aladen ruwa, wanda wasu malamai suka ce shi ne dolfin, sai ya nuna ƙyamar sunan da aka sa masa. Shaihu Khalil ya lissafa shi cikin makaruhai, masu sharhi irin su Dardir suka rinjayar da halacci. Hanafiyya kuwa kifi kaɗai suka halatta. Ke nan a mazhabarmu asalin naman ayu da mansa ba najasa ba ne, ba kuma haramun ba ne a karan kansa. Na faɗi wannan don adalci. Matsalar tana wani wuri.

4. WANE NE AYU?

Ayu shi ne namu rabon na wannan jinsi na masu shayarwa a ruwa. Yana zaune a kogin Kwara da Binuwai da tafkin Kainji da tafkin Pandam na jihar Filato, ana kuma samun sa a ƙasashen Afirka 21, daga Senegal zuwa Angola. Sarkawa sun san shi tun kaka da kakanni. Tsawonsa yana haura mita 3, nauyinsa yana iya kai kilo 500. Ciyawar ruwa ce mafi yawan abincinsa. Ba ya cizo, ba ya kai hari, ba shi da ƙaho ba shi da dafi. Gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna ba dangin wel ba ne, danginsa na kusa su ne giwa da remar da ke cikin duwatsu.

Nonon macen yana ƙarƙashin hammatarta, a nan ɗanta yake kamawa. Wannan ne ya sa mai hangen ta daga nesa cikin hazon asuba yake zaton mace ce. Ba mu kaɗai muka ruɗu ba. A watan Janairun 1493 Kolumbus ya ba da labarin ya ga 'yan ruwa uku a tekun Karibiyan, alhali ayu ya gani. Daga wannan kamanni aka gina tatsuniyoyin da kunya ba za ta bar ni in rubuta su ba, daga tatsuniyoyin kuma aka gina kasuwa. Babu wani abu a jikin dabbar nan da ya shafi soyayya. Saniyar ruwa ce mai kiwo.

Yanzu a duba haihuwarta. Ciki kimanin shekara guda. Ɗa ɗaya. Goyo har zuwa shekara 2. Haihuwa sau ɗaya cikin shekara 3 zuwa 5. Kwatanta da akuyar da ke ɗaure a gidanki: cikin wata 5, sau da yawa tagwaye, kafin ayu ta haihu sau biyu akuya ta cika garke. In aka kashe uwar ayu mai goyo, an kashe biyu ne, domin ɗan ba zai rayu ba. Ga raga, ga madatsun ruwa da ke datse musu hanya, ga rani da ke tsare su a ƙananan kududdufai. Shi ya sa ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, dokar Najeriya ta kare namun daji ta 1985 ta hana farautarsa, kuma a taron Bankok na watan Maris 2013 yarjejeniyar CITES ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe.

Kada wani ya ce halittar Allah ba ta ƙarewa. Ayu yana da wani ƙaton ɗan'uwa a tekun da ke tsakanin Rasha da Alaska. Turawa sun fara ganin sa a 1741, zuwa 1768 babu ko ɗaya, sun cinye shi cikin shekara 27. Dolfin kogin Yanze na ƙasar Sin, an fita nemansa a 2006 ba a ga ko guda ba. A ƙarni na 20 an kashe wel kusan miliyan 3 saboda mansa, sai da aka tsayar da farautarsa ta kasuwanci daga 1986. Suratur Rum ta gaya mana ɓarna tana bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata.

5. HUKUNCIN KWALBAR

Ki yi lissafi, 'yar'uwa. Dabbar da ke haihuwar ɗa ɗaya a shekara 3 zuwa 5, wadda masuntan da suka tsufa a kogi ma sukan daɗe ba su gan ta ba, ta yaya manta zai wadaci kowace kasuwa da kowane zauren WhatsApp daga Legas zuwa Maraɗi, kullum kuma ana cewa sabon kaya ya iso? A farkon shekarun 1990 wasu masana suka sayi naman wel a kasuwannin Japan suka yi masa gwajin DNA, sai ga naman nau'in da aka hana kamawa, ga kuma naman dolfin ana sayarwa da sunan wel. Can ma da ake da awo da takarda an yi algus. Ke wa ya gwada miki taki kwalbar?

Don haka ɗayan biyu ne. In na jabu ne, mai sayarwa ya ci dukiyarki da ƙarya. Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya barranta daga mai ha'inci, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Wancan ruwan sama ne kawai ya taɓa hatsi. Ina ga wanda ya zuba man da shi kaɗai ya san asalinsa, ya ce mace ta kai shi wurin da ya fi ko'ina saurin kamuwa da cuta a jikinta? A tambayi ma'aikatan asibiti abin da irin waɗannan cushe-cushe ke jawowa na ƙaiƙayi da sanyi da gyambo.

In kuma na gaske ne, to kuɗinki ne ya biya mashin da aka soki uwa mai goyo. Abu Dawud ya ruwaito sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa biyu, ta zo tana ta shawagi, Annabi (SAW) ya nuna rashin jin daɗinsa ya sa aka mayar mata. Suratul Baƙara ta zargi mai halaka shuka da zuriya. Kuma shugaba yana da ikon hana halal don maslahar jama'a, kamar yadda Annabi (SAW) ya killace Naƙi'u, Sayyidina Umar (RA) ya killace Rabaza. Dokar da ta hana kashe ayu ba ta saɓa wa shari'a ba, bin ta wajibi ne.

Mafi girma daga duka ita ce mas'alar aƙida. Ƙa'idar malamai ita ce, abu ba ya zama sababi sai ta ɗayan hanya biyu: ko shari'a ta tabbatar da shi, kamar ruƙiya da zuma, ko jarrabawa bayyananna ta tabbatar, kamar maganin zazzaɓi. Mai yana iya laushi fata, wannan a fili yake. Amma a ce yana juya zuciyar mutum, yana rufe masa ido daga mahaifiyarsa da sauran matansa, wannan babu aya babu hadisi babu gwaji. Ibnu Mas'ud (RA) ya ruwaito, a wajen Abu Dawud da Ibnu Majah, cewa Annabi (SAW) ya lissafa tiwala cikin shirka, malamai suka fassara ta da abin da mace ke yi don ta jawo son mijinta ta ɓoyayyiyar hanya. Wadda ta ɗauke shi sababi alhali ba sababi ba ne ta faɗa ƙaramar shirka. Wadda ta ƙudurce shi da kansa yake aiki, ko aka haɗa mata da rubutun boka da kiran sunan miji, ta taɓa babba. Allah Ya tsare mu.

Ku tuna Barira da Mugisu a Bukhari. Yana bin ta a titunan Madina hawaye na zuba a gemunsa, ita kuwa ba ta son sa. Annabi (SAW) da kansa ya sa baki, ta tambaya ko umarni ne, ya ce ceto ne kawai, ta ce ba ta buƙata. Da akwai man da ke dasa so, da Mugisu ya fi kowa cancantar a nuna masa. Suratur Rum ta jingina ƙauna da jinƙai tsakanin ma'aurata ga Allah. Abin da ke hannun Allah ba a ɗura shi a kwalba.

6. GARE MU MAZA

Ba zan sauke kayan nan duka a kan mata ba. Ruwa ba ya tsami banza. Macen da ta sayar da 'yan kunnenta, ko ta kwashe adashinta, ko ta ci bashin dillaliya don 'yar kwalba, tsoro ne ya kai ta. Wa ya tsorata ta? Mijin da ya mayar da maganar ƙarin aure bulala, in miya ta yi gishiri sai ya ce zai kawo wadda ta iya. Mijin da saki yake bakinsa kamar goro. Mijin da ke hira a majalisa har ƙarfe 12 na dare, ya shigo gida fuska a murtuke, ya kwana yana murmushi da waya. Mijin da matarsa ta haifa masa 8, jikinta ya gaji, sai ya koma yi mata kallon tsohon kaya. Ka tuna kakar orka da na ce a riƙe. Dabba ma ta san darajar wadda ta gama haihuwa, ita take bi a shekarar yunwa. Kai fa?

Alhaji, in kana so kasuwar man ayu ta mutu, daga ɗakinka za ta fara mutuwa. Ka yi adalci a kwana da ciyarwa. Ka yaba girki. Ka kai ta asibiti in tana da larura ta mata, kada ka bar ta da dillaliya. Ka bar ta ta kwanta da sanin cewa ba za ta wayi gari da takarda a hannu ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

7. GARE KU MATA DA 'YAN KASUWA

'Yar'uwa, shari'a ba ta hana ki gyara ba. Tsafta, ƙamshi, lalle, kwalli, abinci mai gina jiki, daɗin baki, maganin da aka san abin da ke cikinsa, duk halal ne, da kyakkyawar niyya ma lada ne. In kina cikin ƙuncin aure, ga hanyar Annabi Yunusa: tauhidi, tasbihi, istigfari, addu'a a sulusin dare. Sannan ga hanyar shari'a ta zahiri: magana da miji, sa manya, zuwa wajen alƙali in an zalunce ki. Wadda ta riga ta yi amfani da shi cikin rashin sani, ta zubar, ta tuba, Allah Mai gafara ne. Uwaye kuma, a daina sa shi cikin kayan amarya. Kada darasin farko da za ki ba 'yarki a daren kai ta ya zama cewa aurenta a kwalba yake rataye.

Hajiya mai sayarwa, na san da shi kike ciyar da marayu, wataƙila ke ma sarowa kika yi ba ki san cikinsa ba. Amma yanzu kin ji. Ki juya jarin zuwa humra da turaren wuta da atamfa da kayan ƙamshi. Wanda Ya shayar da jaririn wel a tsakiyar teku ba zai gaza da ke ba.

Tirmizi da Abu Dawud sun ruwaito cewa har kifayen da ke cikin ruwa suna nema wa ma'abucin ilimi gafara. Wasu malamai suka ce hikimar ita ce, da ilimi ne ake sanin haƙƙin dabbobi a kiyaye shi. To mu zama cikin waɗanda halittun ruwa ke nema wa gafara, kada mu zama waɗanda za su tsaya da mu gaban Allah. A tura wa mata wannan rubutu, a karanta wa wadda ba ta karatu, malaman Islamiyyun matan aure kuma su tattauna shi a aji.

Allah Ya gyara mana gidajenmu, Ya sanya ƙauna da jinƙai tsakanin ma'auratanmu, Ya tsarkake mana aƙida da dukiya, Ya yaye wa duk wadda ke cikin ƙunci kamar yadda Ya yaye wa Annabi Yunusa. Ya zaunar da masarautarmu ta Daura da jiharmu da ƙasarmu lafiya.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.